Shafin Farko Na Sabarka: Zaɓi Wanda Mai Sito Zai Iya Buɗewa

Idan kana cikin matasan da aka ɗora wa aikin kwamfuta a ƙananan masana'antun Sharaɗa, Challawa ko Bompai, wannan maganar taka ce. Ka samo tsohuwar kwamfuta, ka sa mata Linux da Docker, ka mai da ita saba, wato uwar garken da sauran na'urorin kamfanin ke ɗaukar aiki daga gare ta. Ka ɗora Nextcloud don ajiyar takardu, ka ɗora ERPNext don lissafin kaya, ga shafin kyamarorin tsaro, ga na firinta. Aiki ya yi kyau. Matsalar ita ce kowace manhaja da nata adireshin, jerin lambobi da ɗigo-ɗigo, kuma babu ogan da zai haddace su.

A nan ne shafin farko, wanda 'yan harka ke kira dashbod, yake shigowa: shafi ɗaya da za a buɗe a burauza, a ga duk manhajojin a jere, a danna wadda ake so. Akwai su da yawa, kuma kyauta ne. Homer shafi ne mara nauyi, duk saitinsa a fayil ɗaya na YAML. Heimdall, na ƙungiyar LinuxServer.io, ana ƙara masa manhaja ta hanyar cike fom a burauza. Homarr yana ba ka damar jan akwatuna ka jera su yadda kake so, kuma yana da tsarin shiga da kalmar sirri. Homepage da Dashy kuwa su ne 'yan kwalliya, masu nuna zafin na'ura, cikar ma'ajiya da yanayin gari.

Ra'ayina a fili: ka zaɓi mafi sauƙi. Na san ido yana son Homepage ko Dashy, musamman in ka ga hotunan da Turawa ke ɗorawa. Amma wanda ya ɗora hoton nan wutarsa ba ta ɗaukewa, kuma shi kaɗai ke amfani da shafinsa. Kai a Kano kake, kuma naka shafin na mai sito ne da akanta da oga. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Fara da tambayar wuta. A watan Afrilun 2024 hukumar NERC ta ɗaga kuɗin wutar rukunin A zuwa naira 225 kan kowane yunit, masu masana'antu a Kano suka yi ta kuka. A ƙarshen Oktoban wannan shekarar, yawancin Arewa ta kwashe fiye da mako cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo mata wuta. Sabar da ke irin wannan wuri kullum tana tsakanin KEDCO da janareta da inbata, tana mutuwa tana tashi. Shafin da ba shi da rumbun bayanai, irin Homer, ba shi da abin da zai lalace in wuta ta ɗauke ba sallama. Da na'ura ta tashi, shi ma ya tashi. Kuma tsohuwar laftof mai sauran batir ta fi babbar kwamfutar tebur dacewa da wannan aiki: wutar da take ci kaɗan ce, batirinta kuma zai riƙe ta kafin a tada janareta.

Sai tambayar intanet. A ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka katse a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna da kamfanoni a Najeriya suka shiga tasku. Babban amfanin saba ta cikin gida shi ne ranar irin wannan aiki ba zai tsaya ba. To amma wasu shafukan daga intanet suke ɗauko tambarin manhajoji da bayanin yanayi. Ka gwada da kanka: zare wayar intanet daga rauta, ka sake buɗe shafin. Abin da ya ɓace, ko dai ka sauke shi ka ajiye a cikin sabar, ko ka cire shi gaba ɗaya.

Tambaya ta uku ita ce wadda matasa ba sa son ji: in ka tafi fa? Yau kana nan, gobe takardar bautar ƙasa ta fito, ko ka samu aiki a Abuja. Kamfanin fata a Challawa ko na roba a Sharaɗa ba zai rufe don ka tafi ba, amma lissafinsa zai iya maƙalewa a na'urar da ba wanda ya san kanta. Idan wanda zai gaje ka bai san YAML ba, inda tazara ɗaya da ba ta zauna daidai ba za ta iya hana shafi buɗewa, to Heimdall ya fi maka. Ka rubuta sunayen maɓallan da yaren aiki: “Lissafin Kaya”, “Rasitai”, “Kyamarar Ƙofa”. Mai sito bai san Nextcloud ba, kuma ba dole ne ya sani ba.

Wani zai ce, ai ni ina buƙatar ganin abin da ya mutu da abin da ke aiki. Gaskiya ne, amma wannan buƙatarka ce kai kaɗai. Ka ɗora Uptime Kuma a gefe, zai riƙa duba manhajojin, ya turo maka saƙo ta Telegram in wata ta faɗi. In kana son Homepage, riƙe shi a matsayin naka shafin. Sai dai ka sani ba ya zuwa da ƙofar kalmar sirri, haka ma Homer. Kada ka buɗe su ga duniya ta rauta. In oga yana son leƙawa daga gida, WireGuard ko Tailscale sun ishe ku.

Wani kuma zai ce a bar wahala, a zuba komai a Google Drive. Shi ma yana da hujja, domin gobara ko ɓarawo ba sa tambayar wace manhaja ka ɗora. Amma kuɗin rajistar wata-wata yana nan, ga data da ta ƙara tsada tun da NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025. Hanyar tsakiya ita ce aiki ya zauna a gida, kwafi kuma ya kwana a wani wuri.

Kafin ka ce ka gama, kira mai sito, ka ba shi linzamin kwamfuta, ka ce ya nemo rasitin jiya, kai kuma ka yi shiru. In ya same shi ba tare da ya waiwayo ka ba, ka zaɓi daidai. Sannan ka buga adireshin shafin da matakan tada sabar a takarda, ka manna a bangon ofis, kalmomin sirri kuma ka damƙa su a hannun oga.