SHARHI: Jiran Izinin Hasumiya Ya Fi Asarar Jirgi Araha

Masana harkar sufurin sama sun daɗe da yin ittifaƙi cewa mintocin farko bayan jirgi ya bar ƙasa suna cikin lokuta mafi haɗari a kowace tafiya. A wannan ɗan lokaci ne jami'in da ke kula da zirga-zirgar jirage yake faɗa wa matuƙi inda zai juya, da iyakar tsayin da zai hau, da tashar rediyon da zai koma. Shi kuma wajibi ne ya maimaita umarnin da bakinsa, domin in ya ji ba daidai ba a gyara masa nan take. Kuskuren lamba ɗaya, ko ɗaukar umarnin da aka bai wa wani jirgi mai kusan irin lambarsa, ya isa ya jefa jirage biyu kan hanya guda.

Abuja ta ga sakamakon raina gargaɗin hasumiya. Ranar Lahadi 29 ga Oktoba, 2006, jirgin kamfanin ADC ƙirar Boeing 737 ya tashi daga filin Nnamdi Azikiwe zuwa Sakkwato, bayan an sanar da matuƙansa cewa iska na ƙara ƙarfi, har wani matuƙi na kamfanin Virgin Nigeria ya zaɓi ya dakata. Jim kaɗan da tashinsa ya faɗi a wata gona kusa da Tungar Madaki. Mutum 96 daga cikin 105 suka rasu, ciki har da Mai Alfarma Sarkin Musulmi Alhaji Muhammadu Maccido. Masu bincike sun ɗora alhakin a kan shawarar tashi cikin mummunan yanayi, da kuma gazawar matuƙan wajen bin ƙa'idar kuɓuta daga iskar da ke sauya alƙibla farat ɗaya.

Sai dai fa adalci bai yarda a jibge laifi duka a kan mamaci ba. Binciken ya kuma nuna cewa kamfanin ba shi da tsayayyar ƙa'ida ta aiki cikin mummunan yanayi, kuma horon da matuƙan suka samu a kan wannan matsala bai wadatar ba. Haka nan, shekara goma kafin wannan, ranar 7 ga Nuwamba, 1996, wani jirgin ADC ɗin da ya taso daga Fatakwal ya kusa yin karo da wani da ya tashi daga Legas. Matuƙin ya yi wata irin kaucewa da ta fi ƙarfin jirgin, ya faɗa ruwa a Ejirin, mutum 144 suka halaka. A can kuwa an fara ɗora laifin ne a kan jami'in rada da bai raba tsakanin jiragen yadda ya kamata ba. Ashe ke nan magana tsakanin hasumiya da matuƙi igiya ce mai kai biyu.

To, ina ruwan ɗan kasuwa? Ruwansa babba ne. Hasumiya tana ba da izini da bayanin yanayi, amma shawarar ƙarshe ta tashi ko dakatawa tana hannun kyaftin, kuma kyaftin ma'aikaci ne. Idan masu kamfani suna ƙirga masa kowace lita ta man da ya ƙona yana jira, idan manyan fasinjoji suna kumfar baki don taron da ke jiransu, to an koya masa ya ji gargaɗi da kunne ɗaya. Alhali kuwa kuɗin jira ƙalilan ne in an kwatanta da abin da ke biyo bayan haɗari: diyyar rayuka, da tsadar inshora, da gudun fasinja. Gwamnati ta dakatar da lasisin ADC bayan haɗarin Abuja, kuma kamfanin bai sake farfaɗowa ba.

An samu gyara tun daga lokacin. An yi sabuwar dokar sufurin sama a 2006, aka kuma ƙaddamar da na'urorin rada na hukumar NAMA a 2010. Amma na'ura ba ta saurara a madadin mutum. Don haka ya kamata hukumar NCAA ta riƙa tsananta duba horon matuƙa, masu kamfanoni kuma su rubuta a fili cewa ba za a hukunta matuƙin da ya dakata saboda gargaɗi ba, ko wanda ya kai rahoton kuskurensa da kansa.

Mu kuma fasinjoji, duk ranar da aka ce a ƙara haƙuri sai hadari ya wuce, mu tuna da abin da Hausawa suka ce: sauri ya haifi nawa.