Hirar Gindin Gawo: Kukan talaka ba tawaye ba ne

 

Hirarmu ta wannan wata daga ajin yaƙi da jahilci ta fito. Ran nan, bayan mun tashi karatu, wani dattijo ya ɗaga hannu ya ce mini: "Malam, yanzu mun iya rubuta wasiƙa. To, in abu ya dame mu muka rubuta ma hukuma, ko muka taru muka tafi bariki muka faɗa, laifi ne?" Sai aji ya yi tsit, kowa ya sunkuyar da kai. Wannan shirun ya dame ni, shi ya sa na kawo zancen nan gindin gawo.

Amsata ita ce, ba laifi ba ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In bai faɗa ba, mai gyara ba zai sani ba, har ɗaki ya faɗo ma kowa.

Daga ina tsoron ya fito?

Tsoron dattijon nan yana da tushe, kuma a ƙasarmu aka shuka shi. A ranar 28 ga Satumba 1958, Faransa ta tambayi mutanen Nijar ko za su zauna tare da ita. Djibo Bakary da jam'iyyarsa ta Sawaba suka ce a jefa ƙuri'ar "a'a". Masu "i" suka rinjaya. A watan Disamba na wannan shekara aka yi zaɓen majalisa mai kujera 60. Sawaba ta ci kujeru a Tasawa da Damagaram, amma aka soke sakamakon wuraren biyu. A watan Oktoba 1959 aka haramta jam'iyyar gaba ɗaya. Daga nan har 1974 jam'iyya ɗaya ke akwai, ita ce RDA. Mutane da yawa sun sha gidan kaso saboda an ce ƴan Sawaba ne. Iyayenmu suka koyi riƙe baki, suka koya ma ƴaƴansu.

Abin da shiru ya jawo

Sai fari ya zo, daga 1968 har 1974. Gonaki suka ƙi, shanu suka mutu a bakin rijiyoyi. Ƙasashen waje suka aiko da hatsin taimako, amma da yawa bai kai ƙauyuka ba. Talaka yana gani, ba shi da bakin magana. Ba jaridar da za ta rubuta, ba depite da zai tashi ya yi gardama. A ranar 15 ga Afrilu 1974 sojoji suka kifar da gwamnatin Diori Hamani, Seyni Kountché ya hau mulki. Cikin dalilan da suka bayar akwai zancen hatsin nan da aka hana ma masu yunwa. Ku duba da kyau. Rufe bakin mutane bai ceci talaka ba, kuma bai ceci gwamnatin da ta rufe shi ba.

Shekarar 2005

Wannan kam da yawa cikinku kun gani da idonku. Daminar 2004 ta yanke da wuri, fara kuma ta sauka a wasu wurare. Rumbuna suka ƙare tun kafin bazara. Buhun hatsi ya kai wajen jika 30 a wasu kasuwanni. Mata suka shiga daji neman anza da jiga, maza suka tafi ci rani Nijeriya.

Ana cikin haka, a farkon 2005, gwamnati ta ɗora harajin kashi 19 cikin 100 bisa fulawa, madara, sukari, ruwan famfo da wutar lantarki. Ƙungiyoyin farar hula suka haɗa kai. A ranar 15 ga Maris dubban mutane suka yi jerin gwano a Yamai. Bayan mako guda suka ce kowa ya zauna gida, kasuwanni da kantuna suka kasance a rufe. Aka kama shugabanninsu biyar, cikinsu har da Nouhou Arzika da Moussa Tchangari. Mutane ba su janye ba. A watan Afrilu aka sako su, aka zauna aka yi shawara, aka cire harajin daga fulawa da madara.

Amma kukan birni ya fi na ƙauye saurin isa kunne. Wata da watanni hukuma tana cewa a sayar da hatsi da rahusa, alhali mai yunwa ba shi da ko dala. Shugaba Mamadou Tandja da kansa ya musanta cewa akwai yunwa. Sai da ƴan jarida suka nuna ma duniya hotunan yaran Maraɗi, sannan aka soma rabon abinci kyauta, wajen watan Agusta. A wannan shekara ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara fiye da dubu 60 masu tamowa mai tsanani, yawancinsu a jihar Maraɗi. Da an saurari ƙauye tun watan Janairu, da uwaye da yawa ba su yi kuka ba.

A 2010 kuma daminar baya ba ta yi kyau ba. Hukumar da ta zo bayan juyin mulkin 18 ga Fabrairu ta fito fili ta ce akwai yunwa, ta nemi taimako tun da sauran lokaci. An wahala, amma taimako ya iso da wuri fiye da na 2005.

Akwai wani masani ɗan ƙasar Indiya, sunansa Amartya Sen. Yana yaro ya ga yunwar da ta kashe miliyoyin mutane a yankin Bengal a 1943. Da ya girma ya yi bincike, ya nuna cewa babbar yunwa ba ta cika samun wurin zama ba a ƙasar da mutane ke da ikon faɗin damuwarsu, jaridu kuma ke da ikon rubutawa. Abin da ya gano a littattafai, mu mun gan shi a rumbunanmu.

Me doka ta ce?

Ikon magana da ikon taruwa cikin lumana suna rubuce a yarjejeniyar haƙƙin ɗan Adam ta Afirka ta 1981, wadda Nijar ta amince da ita. Da wahala aka samo su a nan gida. A ranar 9 ga Fabrairu 1990 an harbe ɗalibai uku a gadar Kennedy ta Yamai suna jerin gwano. Wannan ya buɗe hanyar babban taron ƙasa na 1991. A ranar 13 ga Mayu 1991 mata suka fito titi, don mace ɗaya tak aka sa cikin kwamitin shirya taron. Aka ƙara musu kujeru, ranar kuma ta zama ranar matan Nijar.

Dokar da aka kafa a watan Yuni 2004 ta tsara yadda ake jerin gwano bisa hanya. Ta ce a sanar da hukuma a rubuce, aƙalla kwana 5 kafin ranar. Ta kuma ba hukuma ikon hanawa in ta ga za a yi tashin hankali. A nan ne gardama take. Ikon hanawa kamar sandan makiyayi ne. An ba shi don ya kare garke daga kura. In ya koma dukan shanun da shi kullum, garke zai watse.

Tun ranar 26 ga Yuli 2023 sojoji ke riƙe da mulki. An jingine tsarin mulkin 2010, kuma a watan Maris 2025 an rushe jam'iyyun siyasa. Yau babu zaɓaɓɓen depite da za ku aika da saƙo. Saboda haka nauyin sauraro ya ƙaru bisa mai gari, sarki, mai riƙon meri da perehe. Muna roƙonsu, in talakawa suka zo ƙofarsu da kuka, kada a fara da tambayar wa ya zuga su. A fara da tambayar me ya same su.

Namu nauyin

Mu ma akwai abin da ya hau kanmu. Kuka daban, ɗaukar fansa daban. A watan Oktoba 1991, a Toda cikin jiharmu ta Maraɗi, rikicin gona da kiwo ya sa aka kashe Fulani fiye da 100, yawancinsu mata da yara. Allah kada ya maimaita mana. Fushin da bai sami hanyar magana ba, shi ke neman takobi.

Hanya kuwa akwai ta. Dokar ƙauye ta 1993 ta kafa kwamitocin ƙasa da ake kira kofo, inda manomi da makiyayi ke da wakilai. In an cinye burtali a Gulbin Kaba, ko dabbobi sun shiga gona a Korgom ko Kanembakashe, ko hatsin rahusa bai iso ba, ku zauna ku yi shawara. Ku rubuta abin da ya faru, da rana, da wuri, da yawan buhu ko dami. Kada ku ƙara gishiri, kada ku rubuta abin da ba ku gani ba. Ku zaɓi mutum uku ko huɗu masu hankali, har da mace, su kai takarda. Ku ajiye kwafi ɗaya a gida. In ba a amsa ba, ku koma, sannan ku hau gaba. Maganar baki iska na ɗauke ta, amma takarda tana nan ko bayan shekara.

Dattijon ajinmu dai ya rubuta tasa wasiƙa, bisa rijiyar garinsu da ta rufta. Sau uku ya sake ta kafin ta yi masa daidai. Mutum 14 suka sa hannu, waɗanda ba su iya rubutu ba tukuna suka dangwala yatsa.

Ku ma ku rubuto mana abin da ke damunku. Allah ya ba mu damina mai albarka da zaman lafiya. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.