Jemagen 1943 Da Mazajen Da Ba A Sa Su A Fim Ba

Duk wanda ya ratsa lungunan Bololo da sassafe, sa'ad da yara ke tururuwa zuwa makaranta, da wuya ya kai bakin titi bai ga hoton baƙin jemagen nan a kan wata jaka ko wata riga ba. Sunansa Batman, kuma 'ya'yanmu sun san labarinsa fiye da yadda suka san sunan kakan mahaifinsu. Faɗa da jemage ba shi ne ya kawo mu ba. Muradinmu shi ne mu waiwayi ranar da aka fara haska shi a majigi, domin a cikin wannan tsohon fim akwai darasin da ya shafe mu, mu Hausawan N'Djamena, fiye da yadda muke zato.

An haifi Batman a mujallar zane ta Amurka a 1939, daga hannun Bob Kane da Bill Finger. A wancan zamani gidajen silima na can suna da al'adar nuna fim mai dogon zango kafin babban fim: kowane mako kashi ɗaya, na 'yan mintoci, kuma ba a yanke shi sai jarumin ya faɗo daga saman bene ko jirgin da yake ciki ya rikito, don yaro ya kwana bakwai yana zulumi, ya dawo da kuɗin tikiti a hannu. A watan Maris na 1941 kamfanin Republic ya fitar da fim ɗin Captain Marvel mai kashi 12, wanda ake ɗauka shi ne karo na farko da aka ɗauko irin waɗannan gwaraza daga takarda aka sa mutum mai rai ya taka rawarsu. A watan Yuli na 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, kamfanin Columbia ya biyo baya da Batman mai kashi 15, Lewis Wilson ya fito a matsayin jemagen. A nan ne aka fara nuna kogon da yake ɓuya a ciki, wanda har yau ba a rabu da shi ba.

Abin da ya dame mu shi ne mugun cikin labarin. An ƙirƙiro wani Dokta Daka, ɗan leƙen asirin Japan, mai na'urar da ke kwashe hankalin mutane ta mai da su bayi, mai ramin kadoji a ƙarƙashin ɗakinsa. Wanda ya taka rawar, J. Carrol Naish, Ba'amurke ne ɗan asalin Ailan, aka yi masa kwalliya aka ja masa idanu. Maɓoyarsa tana cikin unguwar Japanawa da ta zama kufai, kuma muryar da ke ba da labari ta yaba wa gwamnati da ta kwashe mazauna unguwar, ta kira hakan hikima. Wannan kufai yana da asali a zahiri. A ranar 19 ga Fabrairu 1942 shugaba Roosevelt ya sa hannu a kan dokar da ta ba da damar tattara mutum kimanin 120,000 'yan asalin Japan zuwa sansanonin tsarewa, kusan kashi biyu cikin uku nasu haifaffun Amurka ne, masu takardar ƙasa. Sun bar gidaje da gonaki da kantuna ba tare da an gurfanar da su gaban alƙali ba. Fim ɗin ya koya wa yaran wancan zamani su tafa wa wannan aiki.

Wani zai ce: ai yaƙi ake yi, kuma Japan ce ta fara kai hari Pearl Harbor a Disamba 1941, har 'yan'uwanmu Hausawan Najeriya, cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, sun gwabza da sojojin Japan a dazukan Boma. Gaskiya ne, ba mu musa ba. Sai dai sojan da ke riƙe da bindiga a fagen fama daban, tsohuwar da ke sayar da kayan miya a Kalifoniya daban. Fim ɗin ya haɗa su ya ba su fuska ɗaya. Amurka da kanta ta amsa laifin: a 1988 shugaba Reagan ya sa hannu a kan dokar neman afuwa, aka biya kowane wanda ya rage da rai dala 20,000. Shekara 46 aka ɗauka kafin a furta kalmar, da yawa sun riga mu gidan gaskiya ba su ji ta ba.

Mu da muke 'yan tsiraru a wannan birni mun san nauyin wannan magana. Kakanninmu sun iso nan ne a kan hanyar Makka da ta fatauci, wasu suka yada zango a bakin Shari, zangon ya zama gida. An haife mu a nan, muna jin Larabcin Chadi da Faransanci, amma kowa a cikinmu ya taɓa jin ranar da wani abu ya faru a ƙetaren iyaka, aka juyo ana duban duk mai jin Hausa da ido ɗaya. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Wanda ya san zafin a yi masa kuɗin goro bai kamata ya zauna yana dariya ana yi wa wani ba, ko da a fim ne, ko da shekara tamanin ta wuce.

Akwai kuma fuska ta biyu ta wannan al'amari, wadda ta fi kusa da ƙofar gidanmu. A shekarun da ake ƙera gwarazan kwali a Hollywood, yaƙin gaske yana ratsa garin nan, wanda a lokacin ake kira Fort-Lamy. A ranar 26 ga Agusta 1940 gwamna Félix Éboué, baƙar fata haifaffen Guyana ta Faransa, wanda babbar makarantar sakandaren nan ke ɗauke da sunansa, ya bayyana cewa Chadi ta bi Janar de Gaulle. Ita ce ƙasa ta farko a Afirka da ta yi haka. Jiragen Ingila da aka harhaɗa a Takoradi suna bi ta Kano da Maiduguri, su ratsa nan su nufi Khartum da Alƙahira. Daga ƙasar nan Leclerc ya ja 'yan ɗaruruwan mazaje, mafi yawansu 'yan Afirka, suka keta Sahara suka karɓi Kufra daga hannun Italiyawa a ranar 1 ga Maris 1941, a daidai watan da aka fara haska Captain Marvel. A ranar 21 ga Janairu 1942 wani jirgin Jamus guda ɗaya ya taso daga Libiya ya jefa bama-bamai a filin jirgin saman garin nan, ya ƙone ajiyar mai.

To, ina fim ɗin waɗannan mazaje? A 1943, shekarar Batman, da aka sake tsara rundunar Leclerc ta zama ta tankoki, aka tsame baƙaƙen sojoji daga cikinta. Da aka shiga Paris a watan Agusta 1944, sunan Chadi yana kan tutar ɗaya daga cikin rundunonin, amma rukunin farko da ya isa tsakiyar birnin, galibinsa 'yan gudun hijirar Sifaniya ne. Suna ya isa, masu sunan an bar su a baya. Hannun da ke zana maƙiyi da fuska ɗaya, shi ne kuma ke zaɓar wanda zai tsaya a gaban kyamara ranar nasara.

Saboda haka ra'ayinmu shi ne kada a hana yara kallo, don hani ba ya ƙara wa abu komai sai zaƙi, kuma wayar tana aljihunsu. Abin da ya fi shi ne a zauna tare da su. In an gama kashi ɗaya, uba ko uwa ko yaya ya tambaya: wa ya shirya wannan labari, kuma a wane zamani? Wane ne aka ba rigar mugu, kuma me ya sa aka ba shi irin wannan fuska da irin wannan harshe? Wane ne ya kamata a gani ba a gan shi ba? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ya saba da waɗannan tambayoyi a kan jemage, gobe zai yi su a kan saƙon murya da aka turo masa a WhatsApp ana zagin wata ƙabila.

Kuma tambayoyin nan ba su tsaya a kan finafinan Turawa ba. Mu ma yanzu muna da namu masu dogon zango, ana jiran su mako-mako daga Kano, ana yanke su a daidai inda zuciya ke tsalle, kamar dai yadda aka yi a 1943. Mu dubi yadda suke nuna baƙauye da Bafulatani da wanda Hausarsa ba ta nuna ba. In dariyar da muke yi musu irin wadda aka yi wa Dokta Daka ce, to ba mu da bakin zargin kowa.

Abu na ƙarshe yana wuyanmu ne mu kaɗai. Silimar Normandie, da ta yi shekaru a rufe, an sake buɗe ta a 2011, bayan Mahamat-Saleh Haroun ya ciyo wa ƙasar nan lambar yabo a Cannes a 2010. Wato garin nan ya nuna yana iya ba da labarinsa da kansa. Amma labarin Hausawan cikinsa yana nan a bakin tsofaffi, kuma kowace shekara muna raka wasunsu makwanci. Waɗanda suka ga yaƙin da idonsu sun kusa ƙarewa, sai 'ya'yansu da suka ji daga bakinsu. Wayar da yaro ke kallon Batman da ita tana ɗaukar murya. A ba shi aiki: ya je wurin kakarsa bayan la'asar, ya tambaye ta wa ya fara zuwa garin nan a zuriyarsu, daga ina, da ƙafa ko a kan jaki, me ya hana shi ƙarasawa Makka ko me ya dawo da shi. A adana, a rubuta, mai iya zane ya zana.

Wanda ke da irin wannan labari a gidansu, muna roƙonsa ya aiko mana, da sunan garin da aka taso da shekarar in an sani. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya shirya mana zuriya.