Ƙofar da ke buɗe a cikin rautar shagonmu

Duk wanda ya zaga Babbar Kasuwar Ngawundere ko ta Garwa zai ga yadda rautar intanet da kyamarar tsaro suka zama kayan shago kamar sikeli da kwado. Wasunmu ma su ne ke saro su, ko dai su biyo jirgin ƙasa daga Duwala, ko su shigo ta Mubi daga Kano. Abin da yawancinmu ba mu sani ba shi ne, a cikin mafi yawan irin waɗannan na'urori akwai wata 'yar ƙaramar manhaja da ake kira sabar yanar gizo. Ita ce ke nuno shafin nan da yaron da ya haɗa mana intanet yake buɗewa don ya sa kalmar sirri. Ita ce ƙofar na'urar, kuma kamar kowace ƙofa, tana bukatar mai duba ta.

Manhaja dai mutane ne ke rubuta ta, don haka ba ta rasa kuskure. Idan aka gano wata kafa da ɓarawo zai iya bi, sai marubutan su toshe, su fitar da sabon zubi. Matsalar ita ce gyaran ba ya zuwa shagonmu da ƙafarsa. Sai ya bi ta hannun masu ƙera ƙwaƙwalwar na'urar, sannan kamfanin da ya harhaɗa ta, sannan mai ita ya saukar. Ko'ina a wannan hanya yana iya maƙalewa.

Ga misali. A watan Disamba na 2014 kamfanin tsaro na Check Point ya bayyana cewa akwai rauta kimanin miliyan 12 a duniya da za a iya ƙwace ragamarsu daga nesa, saboda wata kafa a ƙaramar sabar RomPager. Abin takaici, masu wannan manhaja sun toshe kafar tun 2005, amma masu ƙera rautar suka ci gaba da zuba tsohon zubi har shekara tara. Ta Boa kuwa ta fi muni. An daina kula da ita tun 2005, amma a watan Nuwamba na 2022 Microsoft ya ce ya ƙirga sama da miliyan ɗaya suna aiki a buɗe a intanet, cikin rauta da kyamarori, kuma ta nan aka bi aka kutsa wa kamfanonin lantarki a Indiya. Wato marainiya ce, ba mai gyara ta, amma ana ta sayar da ita cikin sabon kwali.

Wani zai ce, ni mai sayar da atamfa ko albasa, me ɓarawon intanet zai samu a wurina? Wanda ya riƙe rautarka yana iya karkatar da kai zuwa shafin banki na bogi, wanda ya riƙe kyamararka kuwa ya san lokacin da kake ƙirga ciniki da inda kake ajiyewa. Ko bai taɓa ka ba, zai yi aiki da na'urarka ya cuci wani. Haka aka yi wa Laberiya a 2016, lokacin da wani Bature ɗan Ingila, Daniel Kaye, ya tara dubban na'urori, ciki har da kyamarorin mutane, ya afka wa kamfanin Lonestar har intanet ta tsaya a sassan ƙasar. Kotun Landan ta ɗaure shi wata 32 a 2019. Mu da cinikinmu ya rataya a kan MoMo da Orange Money, mun san abin da yini ɗaya babu layi yake jawowa.

A ganinmu, abin da ya fi shafar ɗan kasuwa yana tafe ne. Tun watan Afrilu na 2024 Ingila ta hana sayar da irin waɗannan na'urori da kalmar sirri ta gama-gari, ta kuma wajabta wa masu ƙerawa su faɗi tsawon lokacin da za su riƙa aiko da gyara. Tarayyar Turai ma ta yi tata dokar, wadda za ta fara aiki sosai a ƙarshen 2027. To kayan da suka kasa cika sharaɗin can, ina za su nufa? Mun ga yadda aka yi da tsofaffin motoci da firji.

Kamaru na da dokar tsaron intanet ta Disamba 2010, da hukumar ANTIC, da ART mai tantance kayan sadarwa, amma babu jami'in da zai bi shago-shago yana duba rauta. Don haka mai saro kaya ya tambayi dilansa kafin ya biya: shin kamfanin yana da suna da adireshi, kuma yaushe ya fitar da gyara na ƙarshe? Wanda ya riga ya saya kuma ya kira yaron da ya haɗa masa, a canza kalmar sirrin da na'urar ta zo da ita, a kashe damar shiga daga nesa, a saukar da sabon zubi idan akwai. In kuwa an duba an tarar kamfanin ya daina fitar da gyara, a cire ta daga shagon da ake taɓa kuɗi.