Masu Tirela, A Duba Giyabos Kafin A Yi Lodin Kayan Gwari

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in yi tsokaci a kan wani abu da mu manoma muke ɗauka ba ruwanmu da shi, wato giyabos ɗin manyan motoci.

Ni manomin rani ne, ina kuma taɓa sayen tumatir a Kwanar Gafan ina turawa kasuwar Mile 12 ta Ikko. A ranin da ya wuce mu bakwai muka haɗa lodi a tirela ɗaya, nawa kwando 38. Bayan an wuce Jebba, a kan hawa, giya ta ƙi shiga. Kwana uku mota tana gefen titi cikin rana. Wanda ya san tumatir ba sai na gaya masa abin da muka samu ba. Mai mota ya ce ƙaddara ce. Mun yarda da ƙaddara, amma da na bi diddigi sai na ji giyabos ɗin ko wata biyu bai yi da ɗaurawa ba, kuma tun asali ba na wannan inji ba ne.

Ƙanin mai ɗakina direban tirela ne, shi ya zaunar da ni ya yi mini bayani. Ya ce idan giyabos ya mutu, mai mota ko dai ya sayi sabo dal, ko ya sayi na kwance wanda aka ciro daga tsohuwar mota a Turai, ko kuma a buɗe nasa a canza haƙoran da suka cinye. Sabo kam sai kamfanoni. Tun da aka saki darajar Naira a watan Yunin 2023, Dala ta tashi daga wajen Naira 460 har ta haura 1,500 a shekarar 2024, kuma duk ƙarfen nan da Dala ake shigo da shi. Ga tsadar gas. To mai mota ɗaya ko biyu ina ya ga kuɗin sabo? Ban ga laifinsa ba don ya nemi na kwance. Inda nake ganin laifi shi ne ya sayi wanda ya fi araha ido rufe.

Don kuwa giyabos ba kamar taya ba ne da za a ce in ya shiga shi ke nan. Yawancin DAF da MAN da ke hanyar nan na kamfanin ZF na Jamus suke ɗauke da shi, mai giya 16, Howo ta Sin kuma nata daban. Ko a cikin na ZF ɗin akwai manya akwai ƙanana, in ka gan su a ƙasa sai ka rantse ɗaya ne. Bambancin yana jikin wani ɗan ƙarfe da aka manna a gefe mai ɗauke da lamba, ita ce take nuna ƙarfin injin da zai iya jurewa, da ko giyarsa ta ƙarshe ta dace da aksul ɗin baya. A ɗaura ƙarami a bayan babban inji, mota za ta yi tafiya lafiya lau idan ba kaya. Ranar da aka yi mata lodi ta sami hawa, ranar za a ji magana. Abin da ya same mu ke nan.

Sannan a tuna motocin nan a Turai tan 40 ne ƙa'idar yawancin ƙasashensu, har da nauyin motar kanta. Mu kuwa a nan sai an ga ba wurin sa ƙafa, kuma a gaskiya mu masu kaya muna da hannu, domin mu ne muke roƙon a ƙara mana kwando biyar a sama. Akwai kuma masu canza giya da kansu ta hanyar kwamfuta, waɗanda in sun tsaya a daji makanikin bakin hanya sai dai ya yi kallo.

Saboda haka ina kira ga masu motoci, in za a sayi na kwance a tafi da makaniki, a gwada lamba da lamba. A kwance makullin mai na ƙasa a duba, in an ga garin ƙarfe ya taru a jikinsa a bar shi ko da kyauta ne. A karɓi takardar sharaɗin mayarwa, a gwada motar da kaya, ba wayam ba. Tun da an sauke giyabos kuma, a canza kuloci gaba ɗaya, kada a yi aiki biyu.

Ƙungiyar masu motocin sufuri ta NARTO da shugabannin kasuwanninmu su ma ya kamata su zauna su fitar da ƙa'ida a rubuce: idan mota ta tsaya da kayan gwari, awa nawa za a jira kafin a juye a wata motar, kuma wa zai biya? Mu a namu lodin, kwana ukun nan a kan wannan gardama suka ƙare a waya.

Gwamnati kuma ta tuna an taɓa harhaɗa manyan motoci a Bauchi da Inugu da Ibadan da nan Kano. Yau kamfanin Ɗangote da Sinotruk suna harhaɗawa a Ikko, madalla. Amma mai tsohuwar DAF kayan gyara na gaskiya yake nema, a sassauta masa kuɗin fito.

Ni dai bana kafin in ɗora kwando ko ɗaya sai na ja yaron mota gefe na tambaye shi yaushe aka taɓa giyabos, domin shi ba ya ɓoyewa.

Wassalam.

Naka,
Wani manomin rani,
Ƙaramar Hukumar Garun Malam, Jihar Kano.