Mu Ba Wanzami Jini, Mu Hana Mai Naƙuda?

Jama'ar Sabo! A unguwar nan, in an yi rasuwa, kafin a gama wanka an cika ƙofar masallaci. Amma a yi sanarwa bayan sallar Magariba cewa matar wane tana asibiti ana neman jini leda biyu, sai ka ga kowa yana laluben takalminsa. Mun iya raka gawa, mun kasa tare mai rai kafin ya zama gawa.

Mu tuna inda muke. Asibitocin Ibadan, har da UCH, galibi sukan nemi dangin majiyyaci su kawo wanda zai mayar da jinin da aka ƙara masa. Bayarabe ɗan gari zai buga waya, 'yan gidansu su zo. Kai fa, ɗan acaɓan da ya zo daga Sakkwato bara? Kafin ƙaninka ya hau mota ya iso, an yi maka sutura. Tun 1916 da aka kafa Sabo, baƙo ba shi da dangi a nan sai maƙwabcinsa.

Su wa ke jiran jinin nan? Na farko matanmu. Zubar jini bayan haihuwa yana kan gaba cikin abubuwan da ke kashe masu jego, kuma yana iya gamawa da mace cikin 'yan sa'o'i. Sai yaran da zazzaɓin cizon sauro ya shanye musu jini, tafin hannu da cikin ido suka yi fari fat. Sai masu sikila, wato amosanin jini, wanda Najeriya ta fi kowace ƙasa yawan masu shi, ana ƙiyasin jarirai kusan 150,000 duk shekara. Wasunsu ƙarin jini ne ke riƙe da su. Sai direbobinmu na shanu da goro da tumatir, waɗanda ke kwana a kan titin Legas. Jini kuwa babu kamfanin da ke haɗa shi. Daga jikin mutum kawai yake fitowa, kuma ledar da aka ɗiba ba ta wuce mako biyar zuwa shida a firji.

Wani ya ce, "Malam, in na ba da jini ƙarfina zai tafi, iyali za su gani a jikina." Haba Alhaji! Ba kai ne kake zama gaban wanzami ya kafa maka ƙaho, ya zubar da jinin a kwata, ka biya shi, har ka ce jiki ya yi sakayau ba? Ƙaho sunna ne, ban musa ba. Amma babban mutum yana da jini wajen lita 5, abin da ake ɗiba kuwa bai kai rabin lita ba. Ruwan jinin yana dawowa cikin kwana ɗaya ko biyu, sauran cikin 'yan makonni. Namiji mai lafiya zai iya bayarwa duk bayan wata uku. Kuma sai an gwada ka tukuna: wanda bai kai shekara 18 ba, ko nauyinsa bai kai kilo 50 ba, ko nasa jinin ya yi ƙasa, da mai ciki, duk mayar da su gida ake yi.

Wani kuma ya ce haramun ne, ko kuwa in jininsa ya shiga jikin mace ta zama muharramarsa. Wa ya karantar da kai wannan? Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta yanke tun 1989 cewa ƙarin jini ba ya ɗaukar hukuncin shayarwa, ba ya haramta aure. Abin da ta hana shi ne sayar da jini, kuma hanin cin kuɗin jini yana cikin Bukhari. Wanda larura ta sa ya saya ba shi da laifi, laifin yana kan mai karɓa. Sa'an nan ka buɗe Suratul Ma'ida, aya ta 32, ka ga matsayin da Allah Ya ba wanda ya ceci rai guda. Ayar ba ta tambayi ƙabilar mai ran ba. Saboda haka mai cewa ba ya son jininsa ya shiga jikin wanda ba Musulmi ba, ya faɗa mana: ranar da aka ƙara wa matarsa, ya tsaya tambayar ledar ko mai ita yana salla?

Akwai tsoron da nake girmamawa. Mutane suna cewa ana sayar da jinin, kuma gaskiya ne akwai dillalai da ke shawagi a ƙofar wasu asibitoci, suna kawo samari mayunwata a ɗebi jininsu a biya su. Amma wa ya buɗe musu kasuwa? Mu da muka ƙi zuwa. In bera da sata, daddawa ma da wari. Kuɗin da asibiti ke karɓa kuwa, akwai na leda da ajiya da gwajin ƙanjamau, ciwon hanta iri biyu da tunjere. Mu nemi rasit, mu yi magana in an cuce mu, amma kada mu hukunta mai naƙuda da laifin dillali.

Mai gudun gwajin kuma, wai kada a gano masa cuta, ya sani ciwon hanta yakan yi shekaru yana ɓarna shiru. Rashin sani ya fi dare duhu.

Ga abin da nake kira a yi. Kowane masallacin unguwa ya buɗe littafi: suna, rukunin jini, lambar waya, a hannun liman da mutum biyu amintattu. 'Yan canji da 'yan goro da mahauta su ɗauki nauyin mota da abincin masu zuwa; wannan hidima ce, ba farashin jini ba ce. Fadar Sarkin Hausawa ta gayyato ma'aikatan bankin jini su zo unguwa, ko da a ranar 14 ga Yuni da duniya ta ware wa masu ba da jini. Mu limamai da masu furfura mu fara miƙa hannu, samari su gani da idonsu. A kuma ƙara da gwajin sikila kafin ɗaurin aure, don AS da AS, kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi mai SS.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wanda ya san yana da lafiya, ya kawo sunansa ranar Juma'a bayan an sallame. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya sauki matanmu lafiya, amin.