Inji ba ya jin jawabi

A watan Nuwamba 2011 aka buɗe matatar mai ta SORAZ kusa da Damagaram, aka ce ganga 20.000 za ta riƙa tacewa kowace rana. A 2015 inji guda ya lalace, matatar ta tsaya makonni, talaka ya koma bin layi a gidajen mai. Inji guda ya durƙusar da ƙasa! Ina kayan canjin da ya kamata a tanada? Mahukunta sun ƙware wajen yanke ƙyalle, domin gyara ba ya jawo tafi. A tilasta wa kowace masana'anta ta bayyana wa jama'a kwana nawa ta yi aiki a shekara, kwana nawa ta kwanta, da dalili.